Kifin da Kawu Ya Daina Ci

Jiya ina auna burbushin nukiliya a ruwan teku, ƙarnin kifi ya tuno mini da Kawu. Ranar kasuwar Tambuwal ba ya komawa Jabo sai da kifin ƙanƙara rataye a babur.

Da na fara aikin nan ya tambaye ni, hannunsa cikin miya: "Kai da ka san teku, kifin ga ba shi da illa?"

Na ce mai yiwuwa babu, amma gubar nukiliya ba ta da wari, sai an auna.

Ya janye hannu. "To auno, ɗana. Kai nika jira."

Awon bai nuna komai ba, amma na so in ƙara tabbatarwa kafin in faɗa masa. Har ya rasu bai sake cin kifi ba.

Allah Ya ciyar da shi a Aljanna, inda ba a jiran awo.