Kwana Goma Sha Tara Inna Tana Bayan Asibitin Ido

Ni ne ɗan farin mahaifiyata. A Gubuchi wannan yana nufin ba ta faɗin sunana, ba ta kallon fuskata, ba ta zama inda nake zaune. Ranar da aka yaye ni, Gwaggo, yayar mahaifina, ta goya ni ta tafi da ni Makarfi, a hannunta na tashi. In ta kama dole Inna ta ambace ni, sai ta ce "na wajen Gwaggo". In na je gaishe ta ranar Sallah nakan durƙusa a bakin ƙofa, ita tana ciki ta ba da baya tana tsintar waken da aka riga aka tsince. Mu gaisa a taƙaice, sai ta ce wa ƙanwata, "A ba shi ruwa mana." Iyakar hirarmu ke nan tun ina yaro har na zama magidanci.

Ban taɓa jin haushin wannan kunya ba. In faɗi gaskiya, daɗinta nake ji, domin ta sauke mini nauyi. Abokaina iyayensu mata na damun su da waya safe da yamma, ni tawa ko gaisuwa sai ta aiko a bakin wani. Na saba da hakan har na ɗauka cewa tun da ba ta nema, ba ta bukata.

Na daɗe a Kaduna ina aiki da wata babbar ƙungiyar agaji, irin masu fararen motoci da taron bita a otal. Aikina rubuta rahoto. Na iya jera kalmomin tausayi da Turanci har mai karatu ya ji ƙwalla, kuma ina alfaharin cewa babu ƙungiyar taimako a garin nan da ban san shugabanta ba. Ku riƙe wannan alfaharin, za ku ga inda ya kai ni.

Wata Lahadi da damina autarmu ta buga mini waya, ta ce sun iso Kaduna da Inna. Idon hagu ya riga ya mutu, yanzu yanar ido ta rufe na dama, likita ya ce za a yi aiki amma sai layi ya zo kanta. Na san Inna tana fama da ido, amma ban san ya kai nan ba, don ban taɓa tambaya ba. Na ce ina suka sauka. Ta ce wani gida ne a bayan asibitin ido, direban motar Makarfi ya kai su. Ban ce su taho gidana ba. Na san Inna ba za ta kwana a gidan ɗan fari ba, ga suruka a ciki, amma ko tayin ban yi ba. Auta ta ce ita dole ta koma, mijinta yana kwance, ga yara, ga ciyawa tana cinye gona.

Na ce, "Ki tafi abinki, gobe zan shiga."

Da gari ya waye aka ce akwai taro. Washegari kuma aka tura mu Abuja kwana uku. Da na dawo sai na ga ai na makara, in na je yanzu me zan ce, bari dai ƙarshen mako. Matata ta yi magana sau biyu, ta ce ita za ta dafa abinci ta kai. Na hana ta, na ce ke 'yar birni ce, ba ki san al'adarmu ba, zuwanmu takura mata zai yi. Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Kullum sau biyu nake wuce kwanar asibitin nan, da safe da kuma in an tashi daga ofis, kullum sai in ƙara murɗa rediyo.

A kwana na goma Auta ta hau tudun bayan firamare, inda waya ke samun sabis a ƙauyenmu, ta kira ni. "Yaya, ya jikin Inna?" Na ce da sauƙi. Alhali ban ko san launin ƙofar gidan da take ciki ba.

A kwana na goma sha tara wata baƙuwar lamba ta kira ni ina tsakiyar rubutu. Muryar dattijuwa ce, Hausarta irin ta mutanen kudancin Kaduna. Ta gaishe ni a gajarce, ta ce, "Malam, kai ne ɗan Mama ta Gubuchi?" Na ce ni ne. Ta ce, "To kana raye ashe. Ka zo yanzu." Ta kwatanta mini gidan ta kashe.

Sau biyu na wuce shi, don ba allo a ƙofa, ba komai. Tsohon gida ne mai ɗaki huɗu, tsakar gida cike da tabarmi, tsofaffi maza a zaure, mata a ciki, wasu da auduga a ido. Abin da na fara lura da shi igiya ce, an ja ta daidai ƙugu tun daga ƙofar ɗakuna har ƙarshen gida, an yi mata ƙulli-ƙulli. Na ga wani tsoho yana bin ta da hannu shi kaɗai. Ƙulli ɗaya famfo ne, biyu wurin alwala, uku banɗaki.

Wadda ta kira ni ta fito tana goge hannu. Kowa Sista yake ce mata, ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Su shida suka haɗu, duk tsofaffin ma'aikatan asibitin, akwai direba, akwai mai yanka kati, akwai mai shara. Sun gaji da ganin mutanen ƙauye suna kwana a baranda suna jiran layi, sai suka kama gidan. Tun asuba ɗayansu yake zuwa ya kama wa masu ganin likita layi. Matan wani coci suna kawo abinci ranar Talata, matan wata Islamiyya ranar Juma'a, sauran ranaku Allah ke kawowa. Ba su da mota, ba su da ofis. Direbobin tashar Ikara da Makarfi da Kudan duk sun san su, ni ne dai ban taɓa jin labarinsu ba.

Sista ta shigar da ni ɗan ɗakin da suke ajiye magani, ta buɗe littafin baƙi ta ɗora yatsa. Ga sunan Inna, ga garinmu. A gurbin da ake rubuta mai jinya an rubuta "babu".

Sista ta ce bayan Auta ta tafi, ita ta zauna da Inna ta tambaye ta 'ya'yanta nawa. Inna ta ce huɗu. Mu biyar ne, amma uwa irin tawa ba ta sa na fari a lissafi. Ta tambaye ta ko akwai wani nata a Kaduna, Inna ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba, ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin babu. Layi ya zo kan Inna a mako na biyu. Likita ya ce saboda hawan jininta da kuma ido ɗaya da ya rage, ba zai taɓa ta ba sai ga ɗan'uwa wanda zai sa hannu, ya kuma koyi ɗiga maganin da za a ci gaba da yi a gida. Wayar Auta ba ta shiga. Aka ɗaga aikin. An sake ba ta ranar Alhamis, in ta wuce kuma sai bayan watanni, idon kuwa ba lallai ya jira ba.

"Inna ta san haka?" na tambaya.

"A gabanta likita ya faɗa. Ta ce Allah ya kai mu."

Wata tsohuwa 'yar ƙauyen Taba da ke kwana kusa da Inna ce ta warware musu. Ta ja Sista gefe ta ce, ke kin tambaye ta 'ya'ya, ba ki tambaye ta na fari ba. Sista ta koma ta durƙusa ta ce, Mama, na farin yana ina? Inna ta kwance bakin zanenta, ta fito da wata 'yar takarda da ta yi laushi, ta ajiye a kan tabarma, ta kama igiya ta tafi alwala alhali lokacin salla bai yi ba. Lambata ce a jiki, da rubutun Auta.

Sista ta ce, "Shekara talatin ina aiki da mutanenku, ya kamata in gane tun farko, wannan laifina ne. Amma kai fa? Ita kunya ta hana ta kira. Kai me ya hana ka zuwa?"

Da na rasa abin faɗa sai bakin ofis ya taso mini. Na ce wannan aiki nasu abin a yaba ne, zan rubuta a kansu, zan haɗa su da manyan ƙungiyoyi. Ta bar ni na gama tsaf.

"Mun gode, Malam. Yanzu dai je ka gaishe da uwarka."

Tana ƙarƙashin rumfa a kan tabarma, ta rame, ba ƙofar da zan durƙusa a bakinta. Kusa da ita wata dattijuwa ce, tsohuwar mai sharar asibitin, wadda aka ɗora wa rakiyarta tun da aka rubuta babu. Na tsuguna na yi sallama. Inna ta ji muryata, ta gyara mayafi, ta juya baya duk da ba ganina take ba. Na gaishe ta, ta amsa. Ta tambayi iska ya yara, ya mai ɗakin. Sannan ta ce wa mai rakiyar, "A ba shi wurin zama." Ko kalma ɗaya ta ƙorafi ba ta yi ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Da zan fita mai rakiyar ta biyo ni zaure. Ta ce, "Alhaji, ba don in ɓata maka rai ba. Tun da ta zo, duk motar da ta tsaya a ƙofar nan, in tana magana sai ta yi shiru ta gyara zama. In ta ji an wuce sai ta ci gaba." Na ce na gode, don ban san me ake cewa ba. Na shiga mota na daɗe ban tayar ba.

Ranar Alhamis ƙarfe shida na safe ina ƙofar gidan, ni da matata da kulolin abinci. Mai rakiyar ta fito da Inna, ta ce yau ɗanki zai kai ki, ta ja da baya. Muka tsaya cirko-cirko. Ban taɓa riƙe hannun mahaifiyata ba, ban san ta inda ake farawa ba. Inna ce ta laluba ta kama gefen hannun rigata da yatsu biyu. Na yi sauri, ta yi tuntuɓe a bakin kwata. Mai rakiyar ta daka mini tsawa daga baya, ta ce ana faɗa mata abin da ke gabanta, ba buhu kake ja ba. Daga nan har ƙofar asibiti ina cewa ga dutse, ga ruwa, a ɗaga ƙafa. Ban taɓa yi mata magana mai tsawon wannan ba.

Na sa hannu a takarda. Da aka tambaye ni dangantaka na ce ɗanta ne, ma'aikaciyar ta ɗago ta dube ni, ta dubi agogon hannuna da takalmina, ta mayar da kai kan rubutu. An yi aikin kafin azahar. Da yamma Sista ta zaunar da ni ta koya mini ɗiga magani a idon wani tsoho da ya yarda a gwada da shi, sai da na ɓarar da rabin kwalba a kumatunsa kafin na iya.

Washegari muka koma a cire auduga. Ni da mai rakiyar muna tsaye a gefe. Likita ya ɓare a hankali, ya goge, ya ce Mama a buɗe ido. Ta buɗe tana ƙifce-ƙifce. Ya ɗaga yatsu, ta ce uku. Ya ɗaga kuma, ta ce biyar. Shi baƙo ne a ƙasarmu, bai san komai game da mu ba, sai ya nuna ni ya ce, "To Mama, wane ne wannan?"

Na so in ce masa ba a yi mata wannan tambayar, amma kafin in yi magana ta riga ta juyo. Ta dube ni sosai, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Sannan ta kawar da kai wajen mai rakiyar, ta ce a hankali, "Ashe har ya yi furfura."

Likita ya yi dariya ya ce aiki ya yi kyau. Ni furfurar nan ta fi shekara shida a kaina, kuma kowace Sallah da ita nake durƙusawa a ƙofar ɗakinta. Sai a ranar na gane cewa duk tsawon rayuwata tana satar kallona in zan fita, har zuwa lokacin da idon ya daina nuna mata ni, ni kuwa ko lura ban yi ba.