Tumatir Ɗin Yaya Haladu Ba Ya Shan Hoda

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Haladu makwancinsa a Fammar, amma har yau in na goya famfon feshi sai in ji kamar yana bakin lambu yana hararata. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya koya mini noman tumatir, ya kuma bar mini lambun haɗe da rigimarsa.

Idan damina ta yi nisa, raɓa ta yi yawa, fumfuna kan kama tumatir. Ganye ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, ya bushe kamar an babbaka shi, 'ya'yan su ruɓe a jikin uwar. Maganinta wani gari ne da ake damawa a fesa. Yaya tun ganye yana kore shar yake fesawa, sama da ƙasa, da sassafe kafin iska ta taso. Ana yi masa dariya wai yana ɗura wa mai lafiya magani. Na masu dariyar ya ƙone, nasa ya tsaya.

Amma da tumatir ya fara ja, sai ya wanke famfo ya rataye, kuma a nan ya raba gari da kowa. Mutanenmu sun saba, ana gobe tsinka su sake fesawa, don hodar maganin ta bushe fari-fari a jikin tumatir. Dillalai na son ganinta, wai alama ce kayan zai kai Kudu bai lalace ba. Kwandon da ba hoda, tayin wulaƙanci ake yi masa.

Lokacin da zancen Shari'a ya cika kowace majalisa, wani dillali a kasuwar Kibiya ya juya tumatir ɗinmu ya ce, "Malam Haladu, ka riƙa yi masa 'yar kwalliya mana."

Yaya ya ce, "Alhaji, miya za a yi da shi, yara su sha. Shari'ar da muke ta kabbara a kanta, ba ta shiga kwando ne?"

Rabin kayan muka dawo da shi gida, matarsa ta yanyanka ta shanya.

Da zai leƙo yau, zai ga shagon magani ko'ina a Rano, kuma ba mai dariyar masu feshi da wuri. Wannan zai yi masa daɗi. Amma hodar tana nan daram, na tabbata sai ya yi wannan tsakin nasa mai tsawo. Ina kewar tsakin nan ƙwarai.

Bana rigimar ta zo kaina. Ɗana Nura ya sa ranar aure bayan kaka, da lambun nan kaɗai muka dogara. Dillali ya aiko cewa in babu hoda kada mu wahalar da kanmu. Nura ya same ni, famfo a hannunsa, ya ce, "Baba, sau ɗaya tak. Kowa fa yana yi."

Na ce, "Mayar da shi inda baffanka yake ratayewa."

An ɗaga bikin. Nura bai cika yi mini magana ba yanzu, kuma abin yana ci mini rai. Rufin gidanmu ya yi jawur da shanya. Baɗi ma zan fesa da wuri, in rataye da wuri, ko dillalan duniya za su haɗa baki.

Yaya bai bar gidan bene ba, bai je Makka ba. Ranar da muka yi tsinkar ƙarshe, jikarsa Hauwa ta sa hannu a kwando ta ɗauki guda ta gatsa, ruwan yana bin haɓarta. Nura yana tsaye yana kallo. Babu wanda ya ce mata ta tofar.