Tsuntsayen da Suka Bar Lambun Kaka

Lokacin da Baba ke aikin soja a kudu, a hannun Kaka muka tashi a Zuru. Bayan ɗakinta akwai ɗan fili da ta cika da zogale, rama, kuɓewa da lalle, ga bishiyar gwanda guda. A gindinta ta ajiye fasasshiyar tukunya da ruwa. Kurciya da marai suna sauka su sha, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi kuwa wuni suke a kan huda. Ko gwandar da tsuntsu ya fara ci ba ta yarda a tsinke.

Da almuru, in an sauke tuwon dawa, mukan kewaye murhu kafin garwashi ya mutu. Da Hausa take farawa, in labari ya yi daɗi ta zarce yarenta na C'lela ba ta sani ba.

Akwai wanda ta fi maimaitawa. Wata mata ce tsuntsaye suka ɗan taɓa mata dawa, ta fusata ta sare itatuwan gidanta, ta kifar da ruwansu. Suka tashi suka koma kan dutse. Da damina tsutsa ta cinye gonar kaf, babu mai tsince ta. Matar ta hau dutsen tana kuka tana roƙonsu. Babbarsu ta ce, "Mun yafe miki. Amma waɗanda suka san hanyar gidanki sun mutu."

Na ce, "Kaka, daga baya sun koma?"

Ta tura itace cikin wuta. "Wa zai kai su, jikana?"

Ina ɗan shekara goma sha biyar ta rasu. Damina na faɗuwa Kawu ya ce filin ya fi dacewa da masara. Ya kawo maganin feshi, ni kuma na goya tankin da murna, don ranar ce aka fara ba ni aikin manya. Kwana uku komai ya ƙone.

Da ina ganin labarin gargaɗi ne kan rowa. Sai da na girma na gane cewa akwai ɓarnar da gafara ba ta gyarawa. Shekara shida ke nan ina shuka a bayan gidana, ina zuba ruwa, amma duk maƙwabta feshi suke yi. Ƙudaje kawai ke zuwa.

Jiya ƴata ta nuna mini hoton malam-buɗe-littafi a littafin makarantarta, ta ce, "Baba, wannan a wace ƙasa yake?"