Taron da ke Bayan Bango

A shekarar korona ina zaune a hawa na huɗu na wani bene a unguwar Al-Sadd, can ƙasar Larabawa, ni da matata. Aikina a ɗakin gwajin jini na wani asibiti ne, kullum hannuna cikin abin da mutane ke gudu, ita kuma tana fama da asma tun tana yarinya. Shi ya sa na koma mai zargin kowa. Ko atishawa mutum ya yi a lif, sai na riƙe hawan da ya sauka.

Maƙwabcinmu na jikin bango ɗan Zongo ne daga Kumasi, dattijo, direban wani kamfani, kuma kamfanin ne ya kama masa ɗakin. Mukan gaisa, shi da Hausarsa ni da tawa, ba mu taɓa wuce gaisuwa ba.

Ana tsakiyar kulle, an hana taro kowane iri, sai na fara jin mutane a ɗakinsa. Bayan la'asar ake farawa. Gita ce mai lantarki, tana jan sauti kamar mai kukan da ba ya so a ji shi, can sai wani ƙato ya ɗora waƙa da Turanci. Kiɗan bai dame ni ba. Abin da ke biye da shi ne ya hana ni sukuni: tafi, shewa, ƙarar kofuna, wata mace ta kece da dariya, wani ya yi tari. Tarin nan ya tsaya mini a rai.

Matata ta ce rediyo ne. Na ce mata rediyo ba ya tari.

Na fita na duba ƙofarsa. Mu da su ɗabi'armu ɗaya, ba a shiga ɗaki da takalmi. Silifas ɗin mutum ɗaya na tarar, nasa. Da mai hankali ne da nan ya tsaya. Ni kuwa na dawo na ce mata, "Kin ga wayo ko? Har takalman suke shigarwa ciki." Kwana uku ina leƙe ta ramin ƙofa ban ga kowa ya shiga ba, sai na ce ai ta matakalar baya suke hawowa.

Taku biyar ne tsakanin ƙofata da tasa, amma ban ƙwanƙwasa ba. Gaskiya tsoro nake ji, tsoron kuma ya rikiɗe ya zama haushi. Na kira mai gadi na ce ya sanar da masu gidan ana taro a hawa na huɗu, na kuma ja masa kunne kada ya ce ni ne.

Washegari suka zo, mai gadi da wakilin masu gida. Ina laɓe bayan ƙofata. Da aka buɗe, tafin ya fito fili, har na ce a raina yau asiri ya tonu.

"Ni ɗaya ne paa," na ji dattijon ya ce. "Ku shigo ku gani."

Ya danna abu ɗaya, taron ya watse gaba ɗaya. Sifika ce da tsohuwar waya. Ashe faya-fayan wani baƙar fatar Amurka ne mai kiɗan buluz, waɗanda aka ɗauka a wuraren wasa tun ba a haife ni ba, da hayaniyar 'yan kallo duk a ciki. Mai tarin ma wataƙila ya daɗe a kabari.

Ba a same shi da laifi ba, sai dai takardar ƙara ta riga ta isa wurin kafil ɗinsa, wato kamfanin da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, kamfani kuwa ba ya son a ambace shi a irin wannan magana. Cikin mako guda suka mayar da shi masaukin ma'aikata can bayan gari, inda ake cunkushe a ɗaki, ga annoba. Na ji ana jan akwati, ban fito ba.

Ban sake ganinsa ba sai lokacin gasar cin kofin duniya, a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, ranar da Ghana ke wasa. Ko'ina ganguna da tutoci, mutane kafaɗa da kafaɗa. Shi ya fara gane ni. Ya rame, furfura ta ƙaru.

"Maƙwabci," ya ce. "Yaya madam da ƙirjin?"

Na ce da sauƙi. Ya ce cutar ta kama shi a can, ya sha jiki, Allah ya tashe shi. Sai na tambaye shi me ya sa ba ya jin faifan da babu hayaniya a ciki.

"Hayaniyar nake so. Wata nawa ban zauna da mutum ba. In na kunna, ɗaki ya cika. In sun tafa, ni ma na tafa."

Na buɗe baki zan ce ban san wanda ya kai ƙararsa ba. Ya riga ni.

"Alhaji, bangona ɗaya ke haɗe da mutum. Ɗaya gefen lif ne." Ya gyara jakarsa. "Da ka ƙwanƙwasa, akwai kujera. Khalas, ya wuce."

Jirginsa ya iso, jama'a suka tura shi ciki. Har ƙofa ta rufe ban ce ya yafe mini ba.