Ƙuri'ar Wake da Gyaɗa

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Ƙaramar Sallah, ina 'yar shekara tara, Baba ya dawo daga Masallacin Huaisheng tare da ƙaninsa, Kawu Sabi'u, suka zauna a kan kwalayen wayoyin da suka cinye rabin falonmu na unguwar Dengfeng, can ƙasar waje inda Baba yake kasuwanci. Ina tsugune a ƙofar kicin ina tsince wa Mama shinkafa, na ji Baba yana cewa ƙarshen wata za a sa ni a jirgi zuwa Kano wurin Gwaggo, tunda ba ni da takardar shiga makarantar gwamnati, bizata kuma ta kusa ƙarewa. Wallahi saura kaɗan farantin ya suɓuce mini. Ban san Kano ba, Gwaggo a waya kawai na santa, kuma ban taɓa kwana nesa da Mama ba.

Makarantarmu ɗaki ɗaya ce a saman shagon 'yan canji, inda Malam Idi, mutumin Damagaram, yake koya mana karatu da lissafi, in ya gaji ya ɗauko labarin ƙasashe. Shi ya ba mu labarin Liechtenstein, 'yar mitsitsiyar masarauta a Turai, inda maza kaɗai ke zaɓen 'yan majalisa har 1984. Sau biyu mazan suna ƙin a ba mata ƙuri'a, daga baya suka yarda da ƙyar. "Mai nema yana tare da samu," in ji Malam.

Ni kuwa ba ni da wata dabara, sai na kama wannan. Na yi kuka, na ƙi abinci, na bi Baba har gindin bene ina roƙon a yi zaɓe, har da mu mata. Da ya gaji ya yi dariya ya ce to. Na huda murfin gwangwanin madara, wake na nufin in zauna, gyaɗa in tafi. Mama dai tawa ce, ban ma tambaye ta ba. Kawu na bi, na wanke masa takalma, na goge masa kaftani, ina addu'a har da hawaye.

Bayan La'asar kowa ya shiga kicin shi kaɗai ya jefa. Na juye gwangwanin a kan tabarma. Wake ɗaya ne, nawa.

Na dubi Mama, ta ƙi ɗago kai. Sai da take ninke mini kaya ta ce, "Hafsatu, ba zan bari ki girma a ɓoye bayan kwalaye ba." Ta ci gaba da ninke kayan.

Yanzu da na girma, ni ke zuwa daga Kano in sauka a filin jirgin Baiyun, a garin da na baro, sarin kaya. An yi wa Dengfeng fenti, mutanenmu sun ragu, Mama ta riga mu gidan gaskiya. Duk tafiya 'yata kan riƙe mini gyale a Kano tana kuka in tafi da ita, ni kuma in ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ashe mai jefa gyaɗar ma ba ta barci.