Gefen Gonar Baba

Jiya na bi ta wata gonar shinkafa a hanyar Bakura, an yanke ta tas har bakin kunya. Nan take Baba, mahaifin mijina, ya faɗo mini a rai.

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya ci gonakin mutanen wajen Maradun, ina amarya a gidansa. Mu Kirista ne, 'yan tsiraru a Talata Mafara, kuma shinkafarmu ba ta yi kyau ba. Ranar yanka na kai lauje kan layin ƙarshe, sai na ji hannunsa mai kaushi ya riƙe nawa.

"Ɗiyata, bari. Littafi Mai Tsarki ya hana mu yanke gefen gona. Rabon baƙo ne da mabukaci."

"Baba, mu ma fa ba za ta kai mu damina ba!"

"Na sani. Amma ban ga inda aka ce sai shekarar da ta yi kyau ba."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Da la'asar sai ga matan da ruwa ya tasa, kowacce da ƙwarya, sun zo ɗibar shinkafar da muka bari a gefen gonar. Baba ya juya musu baya, ya zauna da dutsen washi yana wasa laujen da ba ya bukatar washi, don kada su ji kunya. Har yau ina jin ƙarar dutsen nan.

Surukarsa ce ni, ina faɗar haka da ƙarfi. Ubangiji ya ba shi hutawa, ya sa jikokinsa su riƙa tsai da lauje inda ya tsayar.