Rumfar Aro a Sansanin Ngaundere

Laraba: Garwa zuwa Ngaundere

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba muka bar unguwa, ni da 'yan mata tara da samari takwas da Shef Umaru, da mai kura yana turo mana kaya a baya. Ga wanda bai san ni ba, Hajara ce, tela, shekarata arba'in da shida, gwiwata ta hagu kuma ta daɗe da daina jin magana. Ban taɓa zama 'yar sikawut ba. Kayansu kawai na ɗinka, riguna goma sha bakwai da ƙyallayen wuya, mako biyu ina kan keke har idona ya fara ganin biyu-biyu. Ranar da Shef Umaru ya zo karɓa, shi malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kuma shi ne jagoran yaran, sai ya tsuguna ya ce masu shirya babban taron matasa na ƙasashe sun kafa doka, 'yan mata ba sa zuwa sai da babbar mace. Sau uku na ce a'a. A na huɗu ya turo min yaran da kansu suka cika min shago da ido.

Takardar taron ta ce kowane rukuni ya zo da tantinsa. Samari suna da wani tsoho mai faci, mata babu. Shef ya ce ai rumfar ƙungiyarmu ta isa, a zagaye ta da zannuwa shi ke nan. Ni ma, Allah ya yafe min, na ga haka ne. Mu mutanen Garwa in ka ba mu inuwa ka gama mana komai, ruwa in ya zo ya zuba ya wuce rana ta shanya.

Rumfar nan tamfol ce babba, koriya, da ƙarafa goma sha biyu. Matan unguwa muka yi shekara biyu muna tarawa kafin mu saye ta, a ƙarƙashinta ake suna da biki da zaman makoki, makullin ɗakin da ake ajiye ta kuma shekara shida yana hannuna. Amma ba ta fita sai da izinin Inna Dudu, shugabarmu, tsohuwar da ko ludayi ta ba ka aro sai ta aiko a duba lafiyarsa. Ta yarda ne saboda jikarta Maimuna tana cikin masu tafiya. Da na je sallama ta riƙe min hannu.

"Hajara, ba Umaru na ba wa ba, ke na ba wa. Yadda ta fita haka za ta dawo."

Na ce in Allah ya so, har da dafa ƙirji.

A ajans, wato tashar motoci, muka yi sallar asuba. An ce biyar za a tashi, sai shida da minti goma direba ya gama shayinsa. Kowa sefa dubu huɗu, masu lodi kuma suka ce ƙarafan rumfa kujerar mutum ɗaya ne. Na ce to su zaunar da su kusa da taga su sha iska. Aka yi dariya, amma dai sai da muka biya. Muna haye gadar Binuwai yaran suka fara waƙa, ba su kuma rufe baki ba har Ngong, ƙarfe bakwai da rabi.

Shingen jandarma uku muka wuce. A na biyu aka sauke mu duka, wani ya karɓi takardun izinin iyaye yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga 'yan matan sau biyu, sannan ya dube ni ya tambaya ko duk nawa ne. Na ce masa na mako guda dai nawa ne. A Mbe muka tsaya sha ɗaya saura, ga doya tuli-tuli a bakin hanya, muka ci soyayyiya da yaji. Daga nan aka kama hawan dutse, mota tana nishi, ni ina salati, kunnena ya toshe. Kafin mu kai sama sanyi ya sa na jawo mayafi na biyu.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka shiga Ngaundere, kusan kilomita ɗari biyu da tamanin ke nan. Akori-kura ta kwashe mu zuwa sansanin, tafiyar awa guda a jan taɓo, ni a gaba da buhun garin masara a cinya.

Fili ne iya ganinka, tantuna kala-kala, tutoci, ganguna, yara kamar an zazzage buhun gero. Ga 'yan Cadi, ga 'yan Nijar da Najeriya, ga na Gabon da Kenya, har da wasu Turawa jajaye cikin gajeren wando. Muka kafa rumfarmu, ta tsaya ƙiƙam ta fi kowa tsayi. Wata mata daga rukunin Nijar ta zo ta gaishe ni da ladabi, ta tambaya wace ce amaryar.

Huɗu da rabi ruwa ya sauko. Ba irin namu ba ne, wannan daga gefe yake zuwa da iska mai sanyin ƙanƙara. Zannuwan da muka ɗaura suka jiƙe suna marinmu, ruwa ya biyo ƙasa ya shiga ƙarƙashin tabarmi. Haka aka kwana.

Alhamis: a sansani

Da safe kowa leɓensa ya yi fari, Maimuna kuma tari take yi daga ƙirji, jikinta zafi rau. Ƙarfe tara likitar sansanin ta zo zagaye, wata doguwar mata mai tabarau. Ta taɓa goshin Maimuna, ta ɗaga tabarma ruwa ya zuba, ta yi wa Shef Faransanci mai yawa da sauri. Abin da ya fassara min shi ne, za ta dawo ƙarfe biyar. In ba ta tarar da wuri rufaffe mai busasshiyar ƙasa ba, za a kwashe 'yan matan zuwa wani aji a cikin gari, gobe a sa su a mota.

Yaran nan wata bakwai suna sayar da ƙanƙarar yakuwa da gyaɗa don wannan mako. Ba wadda ta yi kuka a gabana, sai suka koma bayan rumfa ɗaya bayan ɗaya.

Shef ya tafi ofishin masu taro neman tantin aro, ya dawo ƙarfe sha ɗaya hannu rabbana, an rabar tun shekaranjiya. Na wanke shi tas a gaban samarinsa. Ya sunkuyar da kai yana cewa "Haka ne, Goggo," abin da ya ƙara ƙona min rai, don na san rabin laifin nawa ne.

Madam Zara ce ta zo mana, jagorar matan Cadi, Hausarta rabi Larabci. Ta sa aka cire dogayen ƙarafa aka kwantar da tamfol a kan igiya kamar jinka. Sama ta rufu, amma gaba da baya a buɗe, ƙasa kuma taɓo. Muka gwada toshewa da tabarmi, iska ta yar. Ta auna da taku, ta nuna min da ƙafa inda tamfol ɗin ta yi saura tana jan ƙasa. In aka fitar da wannan, ta ce, za a sami ƙofa biyu da shimfiɗa. Na ce ba tawa ba ce. Ta ɗaga kafaɗa ta ce yaran ma ai ba nawa ba ne.

Nan zan faɗi abin da ban so faɗa ba. A sansanin akwai wuri ɗaya da waya take kamawa, gindin tankin ruwa, mutane suna layi. Na bi layi minti arba'in. Da ya zo kaina na fito da lambar Inna Dudu, na tsaya ina kallonta. Na san tsohuwar nan. Na ji muryarta a kunnena tana cewa a'a, a dawo mata da jika da rumfa gobe. In ta ce a'a na yanka, na yi mata tawaye. In ban tambaya ba, ai ban ƙi jin magana ba. Wannan lissafin banza na yi, na mayar da waya cikin jaka, wanda yake bayana ya yi tsaki don na ɓata masa lokaci.

Ƙarfe ɗaya da kwata na sa almakashi. Tela ba ta tafiya ba almakashi da basilla, ko Makka za ta. Gida uku na fitar, yankan ya bi ta tsakiyar sunan ƙungiyarmu da aka rubuta da farin fenti. 'Yan mata suka riƙe, ni da Madam Zara muna ɗinki da zaren buhu, samari suka haƙa rariya kewaye. Biyar saura likita ta zo, ta sunkuya ta shiga, ta shafa ƙasa, ta fito ta ce "Bon," wato ya yi. Kalma ɗaya, bayan yatsuna sun fashe.

Juma'a zuwa Litinin

Kwanakin nan na yara ne, ni dai ina raye a cikinsu. Ƙarfe biyar da rabi ake busa usur. Layin ruwa, layin bayan gida, layin karɓar shinkafa, itace jiƙaƙƙe mai hayaƙin da yake sa mutum kukan da bai yi niyya ba. Na dafa wa mutum goma sha tara sau uku a rana a kan duwatsu uku. An ce tafiya mabuɗin ilmi, to ni ilmin da na samu shi ne gwiwar dama ma tana iya ciwo.

Zazzaɓin Maimuna ya sauka ran Asabar. Ran Lahadi na hango ta a tsakiyar fili tana koya wa 'yan Kenya rawa, wuyanta da ƙyallen wata ƙasa, don haka suke yi, musayar ƙyalle da wanda ka yi abota da shi. Ƙyallayen da na ɓata dare ina ɗinkawa duk sun tafi Gabon da Cadi. 'Yan Kano suka riƙa tsokanar yaranmu wai Hausarsu ta sha nonon Fulani, namu suka rama da cewa su zo su tambayi hanya da Faransanci a gani. Ranar girke-girken ƙasashe muka yi tuwon masara da miyar yakuwa da busasshen kifin Tibati, wani Bature ya ƙara har sau biyu yana hawaye. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma duk sanda na shiga tantin na ga rabin sunan ƙungiya a sama, rabi a ƙarƙashin ƙafata, sai na kawar da kai.

Sau biyu Maimuna ta kira kakarta a gindin tanki. Na ce kada ta yi zancen rumfa, ni zan faɗa da bakina. Yarinyar ta dube ni wani iri ta ce to.

Talata da Laraba: komawa

Talata da hantsi aka rufe taro. Yara suna rungumar juna suna kuka, ni ina warware ɗinki. Muka wanke tamfol, muka shanya, na zauna daga azahar har la'asar sakaliya ina mayar da gida ukun nan mazauninsu. Na yi iya yina, layi biyu na bi, amma ɗinkin basilla ɗinkin basilla ne, makaho ma zai ji shi da hannu.

Laraba ƙarfe bakwai muka bar Ngaundere. Babu mai waƙa, duk barci suke baki buɗe. A Mbe na sayi doya biyar don Inna, sai na ji kunyar kaina, kamar mai zuwa sayen baki, na bar wa direba. Uku da minti ashirin muka haye Binuwai, zafin Garwa ya buge ni, ban taɓa jin daɗinsa irin na ranar ba.

Na raba yara gida-gida, Maimuna ce ta ƙarshe. Inna Dudu tana tsakar gida a kan tabarma. Ta rungume jikarta, ta juya ta gaba da baya, ta ce ta rame, ta tura ta ciki. Sannan na sa samarin gidan suka baje tamfol a gabanta. Ban jira ta gani ba, na durƙusa na faɗa mata komai, ruwan da tarin da likita, har da tsayuwata a gindin tanki, don na gaji da ɗaukarsa.

Ta bi ɗinkin da yatsa tun daga wannan baki har wancan. Ta daɗe.

"Wayar tana kamawa, kika ce?"

"Tana kamawa, Inna."

"Da kin kira, da cewa zan yi ki yanka ta gida goma. Jikata ce a ciki, da 'ya'yan mutane." Ta ɗago ta dube ni. "Shekara shida, Hajara. Ashe haka kika ɗauke ni."

Na so ta yi faɗa. Da ta zage ni da na sami abin mayarwa, bakina ba ya rasa magana. Ba ta yi ba. Ta ce na gode da kika dawo min da yarinya lafiya, Allah ya yi albarka, sannan ta miƙo tafin hannu. Na kwance makullin daga bakin zanena na sa mata.

Na iso gida ana kiran magariba, ban ko cire takalmi ba na zauna a bakin gado. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu goma sha tara cif. Ina gode wa Madam Zara, da iyayen da suka ba ni 'ya'yansu, da Shef Umaru da ya sha zagina bai rama ba. Ina gode wa Inna Dudu kuma, ko da yake tun ranar in muka haɗu tana amsa gaisuwata har da tambayar gwiwa, amma in za a fitar da rumfa wata ake aika wa.